Mazauna Hancin Shef Harisu

Kafin Shef Harisu ya yanka kowane burodi, sai ya goga bayan babban yatsansa na dama a bakin hancinsa, sau ɗaya, daga hagu zuwa dama. Ba mura yake yi ba, ba kuma ƙaiƙayi ba ne. Hannun ne kawai ya saba, kamar yadda wani direba ba ya iya tayar da mota sai ya taɓa madubi. Shekara bakwai ke nan yana sayar da burodi da shayi a tashar da motocin ma'aikatan ma'adinai ke kwasar mutane a Arlit, kuma cikin masu cin abincinsa babu wanda ya taɓa lura. Idanun kowa na kan cokali, ana duba ko zai cika mayonez ko zai yi rowa.

Mayonez ɗin ne ya yi masa suna. Ba na kwalba ba ne. Da kansa yake kaɗa shi, ya marmasa dafaffen ƙwai da dankali da yatsunsa ya cakuɗa a ciki, sannan ya ƙara wani sinadari da ya ce sai ranar da zai bar duniya zai faɗa wa matarsa Siddiƙa. Ita kuwa ta ce tafarnuwa ce, kuma ita ke sayo masa a kasuwa.

Harisu Ba'adare ne, mutumin wani ƙauye kusa da Tawa. Yana da shekara goma sha tara ya hau motar albasa ya nufi arewa, domin ya ji an ce an gina gari a tsakiyar hamada inda ake tono wani dutse da Turawa ke so, kuma ko shara mutum ke yi ana biyansa duk wata. Kwana uku ya yi a kan buhunan albasa. Da ya sauka ya shiga layin masu neman aiki a ƙofar ɗakin cin abincin kamfani, sai Baturen da ke kula da girki ya wuce ta gefensa, ya dawo da baya, ya shinshina, ya ce duk wanda ke warin albasa haka dole ya san girki. Aka ɗauke shi wanke-wanke.

Shekara ashirin da takwas ya yi a wurin. Ya tashi daga wanke tukwane ya koma yankan albasa, daga nan ya koma miya, har aka ba shi farar hula aka fara ce masa Shef. Amma abin da ya fi alfahari da shi ba hular ba ce. Shi ne wakilin masu girki a sandika, ƙungiyar ma'aikata. Bai yi makaranta ba sai ta yaƙi da jahilci, duk da haka ya haddace dokar aiki kamar yadda ya haddace sunayen 'ya'yansa. Faransancinsa kashi uku ne: na girki, na zagi, da na doka. Idan aka shiga yajin aiki shi ne a gaba, da ludayi a hannu, yana ihu a kan 'yan mulkin mallaka har muryarsa ta dishe. Da kamfani ya rage ma'aikata sunansa ya fito a takarda, bai yi rigima ba, domin an ba shi preyabi, wato sanarwar sallama ta wata uku cur kamar yadda doka ta ce. Ya karɓi hakkinsa, ya sayi tebur da benci biyu da wani tsohon firigo na sanyaya abinci, ya kafa a tasha.

Wurin teburinsa shi ne mafi kyau a tashar gaba ɗaya. Yana jikin bangon da ke ba da inuwa har ƙarfe goma, kuma daidai nan ƙofar mota ke tsayawa, mutum na iya karɓar burodinsa ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a mota. 'Yargata mai ƙosai, wadda murhunta ke can baya kusa da masu facin taya, ta yi shekara uku tana kallon wurin kamar yadda akuya ke kallon dusa.

Abin ya faru wata Litinin ta watan Mayu, lokacin da zafin Arlit ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙona hannu. Ranar Lahadi da yamma Harisu ya haɗa mayonez ɗinsa ya sa a firigo, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Da safe ya buɗe, ya shinshina, ya ɗanɗana da bakin cokali. Lafiya lau. Motar farko ta tashi ƙarfe shida da mutane masu ƙoshi. Kafin ƙarfe tara mutum goma sha ɗaya sun durƙusa a bayan wurin aiki suna amai a jere, hulunan kwano a gefensu.

Na goma sha biyu shi ne Bilyaminu, shugaban tasha, wanda ya ci burodi biyu domin shi ba ya biya. Da azahar ya zo yana tafe yana dafa bango, ya miƙa wa Harisu takarda mai hatimi.

"Shef, ka san ina ganin girmanka," in ji shi, muryarsa kamar ta wanda ya fito daga rijiya. "Amma ka naɗe teburin nan. Ka je labo a duba ka, ka kawo mini takardar lafiya. Kwana goma sha biyar na ba ka. In ta wuce, 'Yargata ta gaji wurin."

"Ni za a duba? Ni da ko ciwon kai ban yi?" in ji Harisu. "A duba ƙwai mana! A duba masu wuta!"

Daga can baya 'Yargata ta ɗaga murya: "Allah ya ba ka lafiya, Shef. Kada ka yi gaggawa, ka huta sosai."

Talata da safe ya tafi wani ƙaramin asibiti mai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ragowar mayonez a kwano. Wadda ya tarar yarinya ce 'yar Damagaram, Ni'imatullahi, mai farar riga, mai magana ƙasa-ƙasa tana kallon tebur. Ta karɓi kwanon, ta rubuta sunansa. Kafin ya ɗauki biro ya sa hannu, yatsan ya je inda ya saba zuwa.

"Baba, sau nawa kake yin haka a rana?" ta tambaya.

"Yin mi?"

"Taɓa hanci."

"Ɗiyata, ni shef ne. Shef ba ya taɓa hanci. Shekara ashirin da takwas ina girka wa injiniyoyi abinci, ba a taɓa kama ni da hannu a fuska ba."

Yayin da yake wannan bayani ya taɓa sau uku. Ta ɗauko wani tsinke mai auduga a kai, ta roƙe shi ya ɗaga kansa, ta juya shi a cikin ƙofofin hancin biyu. Ta ce ya dawo jibi.

Ranar Alhamis ta ajiye ƙananan faranti biyu masu murfi a gabansa. A cikin kowane akwai wani jan abu daskararre kamar alawa, a kansa ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, cunkus.

"Wannan daga mayonez ne, wannan daga hancinka," in ji ta. "Iri ɗaya ne. Ƙwayoyin cuta ne, ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, sai sun hayayyafa sun taru kamar haka. Sunansu istafilokok."

"Ko sunan ma na Nasara ne," in ji Harisu. Ya jawo takardar sakamakon, ya nisanta ta da idonsa, ya bi layin da yatsa. Akwai kalma ɗaya da ya sani sarai, domin ya sha ɗaukarta a kan allon zanga-zanga. Ya karanta ta da ƙarfi. "Kolonize. Wa anka kolonize?"

"Hancinka, Baba. Haka muke cewa idan ƙwayoyin sun zauna a jikin mutum ba tare da…"

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Mulkin mallaka? A hancina? Ni Harisu? Ƙasar ga ta samu 'yancin kai tun ba a haife ni ba, sai hancina anka manta? Tun yaushe sunka shigo?"

"Wataƙila shekaru da yawa."

"Ke nan duk ihun da nike a gaban ofishin darekta suna ciki suna saurare!"

Ni'imatullahi ta rubuta masa sunan wani man shafawa, ta ce ya sa a cikin hancin safe da yamma kwana biyar, sannan a sake dubawa. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Ya ce shi ɗan gwagwarmaya ne, kuma bai taɓa jin inda aka sayo 'yanci a farmasi ba.

A gida Siddiƙa ta yi dariya har ta ajiye tsintsiya ta zauna a kan turmi. Abokinsa Intala, wani Ba'abzine da ya yi shekaru yana tuƙa babbar motar kamfani kafin a sallame su tare, ya zo shan shayin la'asar kamar kullum, aka ba shi labari. Ya gyara rawaninsa, ya leƙa hancin Harisu daga ƙasa.

"Yarinyar ya ce masu ruwan zinariya ne?" in ji Intala, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji. "To ka yi shiru, Ba'adare. In masu tonon zinariya na Cibarakaten suka ji, gobe za ka ga an kafa maka rumfa a gemu ana tono."

"Ka yi ta dariya. Yau ɗin ga zan fara yaƙin ƙwatar 'yanci."

Ya fara da garin barkono da citta. Ya zuba a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya shaƙa. Siddiƙa ta ƙirga atishawa arba'in da ɗaya kafin ta gaji da ƙirga. Awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Ranar Juma'a bayan masallaci ya tafasa ruwa da kanwa da man zafi, ya lulluɓe kansa da bargo a kan tukunyar, a cikin watan Mayu, a Arlit. Da ya fito fuskarsa kamar an dafa ta. Ya ce yana jin suna gudu. Don ya tare masu ɓuya a lungu, ya naɗe tsumma a kan tsinken ashana ya bi su ciki yana gurzawa.

Asabar da safe hancin ya kumbura ya yi ja kamar tumatir, ga wani maruru ya fito a bakin ƙofar dama, yana zogi har cikin ido. Siddiƙa ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta tsayar da kabu-kabu a ƙofar gida, ta ce wa mai babur ɗin kada ya sauke shi ko'ina sai labo.

Ni'imatullahi ta dubi hancin, ta dubi tebur, ta sake duban hancin.

"Baba, me ka yi?"

"Sun mayar da martani," in ji shi.

"Kada ka matse shi, ko kaɗan. Maruru a wannan wurin ba a wasa da shi, likita zai duba maka kafin ka tafi." Sannan ta daure ta ci gaba. "Baba, ka bari in ƙarasa maganar da na fara ran nan. Cikin mutum uku, kusan ɗaya yana da su a hanci. Suna manne da fatar ciki, suna zaune, ba su taɓa kowa ba. Shi ya sa ba ka taɓa jin komai ba. Zama daban, cuta daban. Cuta tana zuwa ne idan sun shiga inda ba wurinsu ba. Fatar hancinka katanga ce, kai ka fasa ta da ashana, suka faɗa ciki, jiki ya taso musu da yaƙi. Ruwan marurun nan gawarwakin yaƙin ne."

"To mayonez fa? Shi ma ni na fasa shi?"

"Yatsanka ne ya kai su. Kullum yana kai su, amma sanyin firigo yana hana su motsi. Ran nan suka kwana a cikin ƙwai da dankali da ɗumi. A irin wannan wurin ɗaya yana zama biyu cikin rabin awa, biyu su zama huɗu. Kafin safiya sun cika kwano, sun zuba dafi a ciki. Dafin ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ko an dafa ba ya lalacewa. Shi ya sa mutane amai."

Harisu ya matso da kujerarsa.

"Daga ina sunka zo?"

"Daga jikin wani. Hannu, tawul, gaisuwa. Ba a iya sani."

"Mi ya sa sunka zaɓi hancina?"

"Akwai laima, akwai ɗumi, akwai ɗan abin ci. Kuma sun tarar da fili."

"Suna aika wani abu gida? Ina nufin, suna kwasar arzikina su kai wata ƙasa?"

"A'a, Baba. Abin da za su ci kawai."

Ya jingina da kujera. Ya tuna wani saurayi a kan buhunan albasa, wanda ya zo wani wuri don ya ji akwai ruwan famfo da inuwa da abin ci, ya tarar da fili ya zauna, ya hayayyafa har 'ya'ya shida.

"Ɗiyata, takardarku ta yi kuskure," in ji shi a hankali. "Waɗanga ba 'yan mulkin mallaka ba ne. 'Yan ci-rani ne."

"Baba, ba su da hankali fa. Ba su ma san kana nan ba."

"Ni ma ban san suna nan ba. Shekara da shekaru suna aiki a cikina, ban taɓa tambayar sunansu ba." Ya dafe ƙirji, idanunsa suka fito. "Innalillahi. Ashe ni ne kamfanin."

Ta buɗe baki za ta gyara masa, kunya ta hana ta. Ta dai sake rubuta sunan man shafawar, da manyan baƙaƙe.

Ya saya a hanya. Amma da ya isa gida ya ɗora shi a kan taga bai buɗe ba. Siddiƙa ta tambaye shi dalili.

"Ba a korar ma'aikaci ba preyabi," in ji shi. "Ni wata ukku anka ba ni. Su, saboda halin da ake ciki, zan ba su kwana ukku."

"Baban Sa'a, ka dube ni nan." Ta ɗaga yatsu. "Yau kwana shida. Ka ƙara uku, tara ke nan kafin ka fara. Magani kwana biyar. Yarinyar ta ce a jira kwana biyu kafin a sake dubawa, sakamako kuma kwana biyu. Ina sha biyar ɗin? Teburin nan shi ne tuwonmu. 'Yargata har ta sayi sabon kasko."

"Innar Sa'a, in na yi musu abin da na yi shekara ashirin ina zagin darekta a kansa, da wane ido zan dubi 'yan sandika?"

"Da idon da ke saman wannan tumatir ɗin."

Bai saurare ta ba. Da la'asar ya sa Intala ya tsaya a matsayin shaida, shi kuma ya riƙe madubin aski, ya ɗaga hancinsa sama da yatsa ɗaya, ya karanta sanarwa da Faransancinsa na doka. Ya gode musu bisa zaman lafiya na shekaru. Ya bayyana cewa sallamar ba don laifinsu ba ce, matsin tattalin arziki ne. Ya ba su haƙuri a kan barkono.

"Sun amince?" in ji Intala.

"Ba su ce komi ba."

"Haka mu ma muka yi."

A cikin kwana ukun nan Siddiƙa ba ta yi masa magana ba sai ta hanyar kwanon abinci, wanda take direwa da ƙarfi. Intala kuwa ya zauna yana kallonsa, ya ga yatsan yana ta kai-komo duk da ciwon. Ran Litinin ya zo da wani tsohon rawani shuɗi mai tsawon kamu goma.

"Ku Hausawa kuna barin hanci a waje kamar tukunya ba murfi," in ji shi. "Mu tun kakanni mun rufe namu. Zauna."

Ya naɗa masa, ya ja amawali ya rufe baki da hanci. Harisu ya ce yana shaƙewa, ya ce shi Ba'adare ne ɗan Ba'adare, hula ce gadonsa. Yana cikin faɗa yatsan ya taso, ya ci karo da ƙyalle, ya tsaya a iska kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a kulle. Harisu ya dube shi. Karon farko ke nan da ya kama shi da idonsa.

"Ashe da gaske ne," in ji shi.

Talata da asuba wa'adi ya cika. Siddiƙa ba ta yarda da shi ba, ita ta riƙe maganin. Safe da yamma ta wanke hannu, ta zaunar da shi a kan tabarma, ta ɗaga masa haɓa kamar mai ɗura wa rago magani, ta shafa. Ta tafasa tawul ɗinsa da hularsa ta shef. Ta yanke masa farce. Marurun ya fashe da kansa ya bushe. A rana ta uku ya ce yana jin hancin shiru, kamar unguwar ma'aikata bayan an rage mutane. Ta ce ya yi shiru shi ma.

Litinin, rana ta goma sha biyar, Ni'imatullahi ta sake juya tsinkenta. Ya roƙe ta ta ba shi sakamakon nan take. Ta ce ƙwayoyin ba sa tsirowa don ana sauri. Talata da safe Intala ya kawo labari cewa 'Yargata ta jawo murhunta ta dasa a jikin bango, har ta yayyafa ruwa ta share wurin.

Laraba farantin ya fito ja wur, babu ɗigo mai ruwan ɗorawa ko ɗaya. Ni'imatullahi ta buga hatimi a takardar.

"Za su iya dawowa bayan 'yan watanni, Baba," in ji ta. "Ko su, ko 'yan'uwansu. Ba a hana su gaba ɗaya. Abin da ke hannunka shi ne sabulu kafin ka taɓa abinci, cokali maimakon yatsa, da sanyi. In wuta ta ɗauke, ka sa ƙanƙara ko ka zubar."

"In sun dawo su zauna inda anka ajiye su," in ji Harisu. "Ɗakin girki ba na kowa da kowa ba ne."

Daga labo ya wuce tasha kai tsaye, da rawaninsa da takardarsa. Bilyaminu bai gane shi ba sai da ya yi magana. 'Yargata tana zaune a inuwar bango tana juya ƙosai, ba ta ko ɗaga kai ba.

Bilyaminu ya karanta takardar, ya mayar masa. "Madalla, Shef. Sai dai ka makara. Yau kwana goma sha bakwai."

"Sha biyar," in ji Harisu.

"Sha bakwai. Litinin waccan zuwa yau Laraba. Ƙirga da kanka."

Harisu ya zaro takardar farko daga aljihu, ya buɗe ta a hankali, ya nuna ƙasanta. "Wannan mine ne?"

"Hatimina."

"Takarda mai hatimi takardar hukuma ce. Hukuma ba ta ƙirga Lahadi, ranakun aiki take ƙirgawa. Lahadi nawa ta faɗo a ciki?"

"Biyu. Amma Shef, nan tasha ce, ba ofishin gwamna ba. Motoci na tashi ran Lahadi."

"Kai kana zuwa ran Lahadi?"

Bilyaminu ya kau da kai. Duk tashar ta san ran Lahadi yana gida yana kallon ƙwallo.

"To ranar da mai hatimi bai zo ba, wa ya ƙirga ta?" in ji Harisu, ya juya wajen direbobi da masu facin taya da suka fara taruwa, muryarsa ta yajin aiki ta dawo masa ta cikin amawali. "Jama'a, in an fara ƙirga wa talaka Lahadi yau, gobe za a ƙirga muku Sallah!"

"Gaskiya ne!" in ji wani direba, wanda ya yi kwana goma sha bakwai yana karya kumallo da busasshen biskit.

'Yargata ta buga matsami a bakin kasko. "Kai Bilyaminu, kada ka bari wannan mai naɗe da zanen gado ya ruɗe ka. Ni ba takarda na sani ba. Na share wuri, na zauna."

Bilyaminu ya dubi Harisu, ya dubi 'Yargata, ya dubi taron. Cikinsa bai gama komawa daidai ba, kuma ba ya son hayaniya.

"Sha biyar ne," in ji shi a ƙarshe. "Shef ya koma wurinsa. Amma duk safiya zan sa hannu a jikin kwanon nan, in ban ji sanyi ba, babu Lahadin da za ta cece ka. Inna 'Yargata, ki matsa."

Ta matsa. Taku biyu ta ja murhun, ta dire, ta ce ƙafarta ta yi ciwo, daga nan ba ta ƙara ko taƙi ɗaya. Harisu ya auna da ido. Teburinsa zai shiga, benci ɗaya zai shiga, na biyun sai dai rana. Hayaƙin ƙosai kuma zai riƙa bi ta kansa.

"Ka ba ta preyabi mana," in ji Intala daga baya.

"Waccan? Ko wata ukku ba su isa ba."

Bai tsaya jayayya ba, domin rana ta yi sama kuma akwai aikin gobe. Ya bi ta kasuwa ya sayi ƙwai kwali biyu da sabulu, ya tsaya wajen mai ƙanƙara ya zaɓi dunƙule babba, ya sa aka naɗe masa shi a buhu, ya ɗora a cinya a bayan kabu-kabu ya nufi gida, ruwan sanyi na ɗiga masa a ƙafa.